Yadda Na Cinye wa Ƙanwata Minti Goma a Sabuwa

Da asuba muka shirya, amma motar ba ta bar tashar Ƙanƙara ba sai da rana ta fito sosai. Duk wanda ya san hanyar Sheme ya san direba ba ya yi mata sammako a 'yan shekarun nan, sai ya ga motocin can sun fara shigowa ya tambayi lafiyar hanya. Mu biyu ne, ni da ƙanwata, autar gidanmu, sai kwamfutar teburin shagona da na naɗe da bargo. Masu tambayata yadda aka ƙare a Sabuwa, ga labarin, kuma tun yanzu ku sani ba ni da abin alfahari a cikinsa.

Bara ƙanwata ta gama kwalejin ilimi. A shagona, inda nake buga wa mutane takardu, ta zauna ta koya wa kanta haɗa manhajar waya, ni ina yi mata dariya. Wadda ta fara haɗawa ƙarama ce, ta gwaji. Kun san yadda waya ke yi in mutum ya kishingiɗa da ita: rubutu ya wuntsila gefe, ka juya ta, ya sake wuntsilawa. Manhajar tata ita ke riƙe fuskar wayar, ka ce mata abin karatu a tsaye kake son shi, bidiyo a kwance, ta kiyaye, ko ta wane gefe ka kwanta. Sai ga wata ƙungiyar 'yan yankinmu ta ce za ta ɗauki nauyin matasa biyu su je Kaduna koyon wannan aiki na wata shida. Kowa zai je Sabuwa ya nuna abin da ya iya a gaban kwamiti, minti goma kacal. Ba mu da halin tura ta da kanmu, don haka wannan ce damar.

Ita a wayarta ta so ta nuna. Ni na ce sam. Wayar ta fashe ta kusurwa ɗaya, kuma a ganina manyan mutane ba za su yi ta leƙen abu kamar tafin hannu ba. Kwana biyu na yi ina saka wa kwamfutar wata manhaja mai kwaikwayon waya, wadda za ta zana maka hoton waya a kan allo ka buɗe manhajar waya a cikinsa. Da ta buɗe, maɓallan suka fito manya-manya, sai kaina ya kumbura. Ƙanwata ta kalla ta ce, "Yaya, kwamfuta fa ba ta jin an karkata ta." Na ce, "Ke dai Auta, bar mani wannan, ni nike wannan aiki tun kina firamare."

A tasha kwandasta ya ɗaga bargon, ya ce wannan baƙon, kuɗin kujerar mutum guda zai biya. Muka yi ta ja, na biya, kuma duk da haka a cinyata na ɗauki allon, domin kujerar da na saya wata tsohuwa ta ɗora kwandon kajinta a kai, ba wanda ya iya yi mata magana.

Lokacin kaka ne, gonaki sun yi kyau. Masara an karye ta an tara, dawa ta sunkuyar da kai, waken suya kuwa har gefen kwalta ake shanya shi. Amma za ka wuce gona mai kyau, sai ka ga ta kusa da ita ciyawa ta cinye, ba a taɓa ta ba bana, kuma ba wanda zai tambayi dalili. Daga Ƙanƙara motar cike take da hira kan farashin taki da na buhun masara. Muna doso Ruwan Godiya hirar ta mutu, kowa ya koma motsa baki. A wani shinge jami'in tsaro ya leƙo ya tambayi abin da ke cikin bargo. Na ce kwamfuta ce za mu kai gwaji. Ya ce, "Allah ya ba da sa'a, injiniya." Na amsa da murmushi, ban ce ga injiniyar a gefena ba.

A Faskari muka yada zango gidan gwaggonmu, don ba a kama hanyar Sabuwa da yamma. Ta yi mana tuwon masara da miyar ɗanyar kuɓewa, man shanu har yana malala. Na ci na yi nak. Bayan la'asar ƙanwata ta saka mata manhajar a wayarta, domin ita ma kullum ƙorafinta ke nan, rubutu na wuntsila mata in ta kishingiɗa tana karanta azkar. Gwaggo ta kwanta a tabarma ta dama, ta juya ta hagu, rubutu yana nan daram. Ta tashi zaune ta ce, "Ke ɗiyar nan, ashe abin da kike yi ke nan? Ni da na ɗauka aljanu ne a cikin wayar." Ta kira maƙwabciyarta, ita ma aka saka mata. Duk a gabana aka yi wannan, ina gefe ina goge ƙurar allo da gefen rigata, kuma ko kaɗan abin bai faɗa mini komai ba.

Washegari muka bi ta Dandume. Hanyar akwai ramuka, kowane rami sai allon ya daki haɓata. A tasha muka ci waina da miyar taushe, mai wainar ta ƙara wa ƙanwata biyu da ta ji gwaji za ta je. Rake kuwa a wannan yanki araha yake, sai dai ba hannun da zan riƙe shi.

Ajin wata makaranta aka ba kwamitin. Dattijai biyar a kan benci, a tsakiyarsu wani Alhaji mai farin gemu, shi ne shugaba, agogonsa a kan tebur. Waɗanda suka riga mu kowa da wayarsa ya shiga, ya miƙa musu, su duba, su yi tambaya. Ina kallonsu ta taga ina tausaya musu. Da aka kira sunan ƙanwata, ni na fara shiga, rungume da kaya.

Babu wuta, sai da aka tayar da ƙaramin janareto. Na jona igiyoyi, kwamfutar ta tashi a hankali kamar yadda ta saba, manhajar kwaikwayon wayar kuma ta tsaya tana lodi. Minti huɗu suka tafi muna kallon wani ɗan zobe yana zagayawa. Don kada wurin ya yi shiru sai na kama bayani, na faɗi girman ƙwaƙwalwar kwamfutar, na faɗi wahalar da na sha kafin in saka mata wannan abu. Da manhajar ta buɗe na danna maɓalli, hoton wayar ya kwanta, na sake dannawa, ya miƙe.

Alhaji ya ce, "To, mun ga wannan. An ce in an karkata waya rubutun ba ya motsi. Karkata mana mu gani."

Waya tana da wani abu a cikinta mai jin an juya ta, kwamfutar tebur ba ta da shi, abin da aka gaya mini ke nan tun a gida. Amma maimakon in ce haka, wallahi sai na ɗaga allon da hannu biyu na karkata shi. Ba abin da ya canja, kuma ba abin da zai canja ko da manhajar ko babu ita. Igiyar baya ta fizge, allon ya yi baƙi. Wani malami a ƙarshen benci ya sunkuyar da kai yana danne dariya.

Ƙanwata ta matso, wayarta a hannu, ta ce a hankali, "Yaya, ga ta nan." Na ɗaga mata hannu na ce, "Dakata, yanzun nan za ta tashi." Ta koma ta tsaya. Ba za ta musa wa yayanta a gaban dattijai ba, haka aka rene mu, ni ma na san haka lokacin da nake ɗaga hannun. Ina durƙushe ina laluben igiya Alhaji ya dubi agogo ya ce, "Wai samari, aikin nan na wa ne, naka ko nata?" Na ce nata ne. Ya ce, "To, lokaci ya cika."

Bayan azahar aka faɗi sunaye biyu, babu nata. Muna ɗaure kaya Alhajin ya zo wucewa, ya tsaya ya ce mata, "Ɗiyata, ki yi haƙuri. Ba mu ji muryarki ba, ba za mu iya zaɓen wanda ba mu ji ba." Ta durƙusa ta ce ba komai, ta gode. Ni bai ko kalle ni ba, kuma ya yi daidai.

Ta Funtuwa muka dawo. Ban san me aka wuce ba a hanya, ban ci komai ba. Ƙanwata ta jingina da gilashi, ba ta yi kuka ba, ba ta yi fushi ba, har ruwa ta saya ta miƙo mini. Da ta zage ni da na fi samun sauƙi. Sau biyu na buɗe baki zan ba ta haƙuri, sai in ji maganar ta yi ƙanƙanta.

Mun shiga gida ana shirin kiran magariba. Innarmu tana zaune a tsakar gida tana tsince shinkafa, ta ɗago ta ce, "Yaya aka yi?" Ƙanwata ta riga ni, ta ce, "Ba a dace ba, Inna. Wuta ce ta ba mu matsala." Na ajiye kayan na ce, "Inna, ba wuta ba ce. Ni ne." Na kwashe duka na gaya mata. Da na gama ta ce, "Kai da aka ce ka raka ta."

Abin da na koyo a wannan tafiya bai da yawa, amma ya yi mini tsada. Manhajar juya fuskar waya a waya ake nuna ta. Kwamfutar tebur za ta nuna maka kamanninta, ba za ta nuna maka aikinta ba. Na biyu ya fi ciwo. Na tafi ina cewa taimakon ƙanwata zan yi, alhali so nake a gan ni, kuma na yi amfani da girman da take ba ni na rufe mata baki a ranar da ta fi bukatar yin magana. Na tambaya ko ƙungiyar za ta sake ɗaukar wasu baɗi, an ce ba a sani ba tukuna.