Gonar Kawu Ilu ta Cikin Waya

Jama'ar zaure, tun da Kawu Ilu ya rasu wayata ta huta. Da can in ta yi ƙara da hantsi na san shi ne, na kuma san sai in nemi wurin zama. Kun dai san saƙon muryarsa. Ba ya cewa "sannunku" a dunƙule kamar kowa, sai ya bi mu ɗaya bayan ɗaya. "Sanusi, ina kwana?" Sai ya yi shiru. Shirun nan ba matsalar sabis ba ce, wuri ne ya bar mini in amsa. Can sai ka ji, "To madalla. Ina gajiya?" Wani shirun kuma. Na taɓa ce masa, "Kawu, ai ba ma jin ka a lokacin, sai daga baya." Ya ce, "To in kun ji daga bayan, ba ku amsawa?" Wallahi tun daga ranar nake amsawa. Sau nawa mai kawo gyara ya iske ni a shagona na Magama ina ce wa waya "lafiya lau" ni kaɗai!

Ga sababbin shiga zauren nan namu na masu buga gem ɗin gona: Kawu yayan mahaifiyata ne. Duk rayuwarsa noma ya yi a Bugaje, har ciwon gwiwa ya kwantar masa da fartanya, 'ya'yansa suka dawo da shi Jibiya. Na ga zaman banza yana cinye shi, ni kuwa gyaran waya nake yi, sai na saka masa gem ɗin ko ya rage kewa.

Akwai kuma abin da ya fi gwiwar damunmu. Kawu yana da ƙane, Kawu Mamman, da ke zaune a Ɗan Isa, tsallaken boda. Sun yi shekaru ba sa magana, a kan kunyoyi biyu na gonar gado. An kai dattawa, an kai malamai, duk a banza. Inna mahaifiyata, ƙanwarsu, ba ta da wata addu'a sai ta su shirya. Kullum cewa take, "Sanusi, tsufa ya kama su. Ɗaya zai tafi su haɗu gaban Allah da gaba." In ta faɗa sai ta yi hawaye.

To ranar farko dai na nuna masa yadda ake shuka. Ya dangwala yatsa ya shuka masara. Kafin mu gama gaisawa da wani maƙwabci ta nuna.

Na ce, "Kawu, girbe."

"In girbe mi?"

"Masararka mana, ta yi."

"Wadda na shuka yanzu? Ba ta ga ruwa ba, ba a yi mata noma ba?" Ya turo mini wayar. "Ci kai. In ka kwana lahiya ni ma in taɓa."

Sai da ya bar ta kwanaki a tsaye, wai ta sha iska ta bushe. Sannan ya shiga duba iri. Ya ce ina gero, na ce babu. Dawa fa? Babu. Wake? Na ce akwai wani, amma ba irin namu ba. Ya dube ni ya ce, "Sanusi, wanda ya yi abin ga bai taɓa jin yunwa ba."

Duk da haka bai ajiye ba. Kafin wani lokaci Kawu ya fi kowa naci, sai dai da tsiyarsa ta tattali. In ya gama sai ya ƙulle wayar cikin leda ya ɗaure bakin tamau, wai data kamar kananzir take, in ba a rufe ba hucewa take yi. In kuwa ya zo shagona wayar ta kama sabis ɗin Nijar, kamar yadda ta kowa ke yi a bakin boda, sai ya hau ta da faɗa: "Ke! Wa ya aike ki? Kin ƙetare ba ki gaya mini ba!"

Sai aka zo maganar alade. Gem ya ce ba zai wuce mataki na gaba ba sai ya yi kiwon su. Kawu ya dafe ƙirji. "A gonata? Ni Iliya?" Ya tsaya a matakin nan har jikokinsa suka wuce shi suna masa gwalo. Da abin ya ishe shi sai ya aika wa Baba Bitrus, abokinsa na ƙuruciya, Kirista daga Mazanya, wanda kan shigo kasuwa ran Lahadi in an tashi coci.

Ya miƙa masa wayar. "Bitrus, ga dabbobinka nan, ba su abinci."

Baba Bitrus ya duba, ya ɗago. "Dabbobina? Ilu, tun muna yara ka taɓa ganin alade gidana? Awaki gare ni kamar kai!"

"Na sani. Amma kai ba a hana ka ba."

Haka aka yi ta yi. Duk Lahadi Baba Bitrus ya zo ya danna, Kawu ya kau da kai yana kallon katanga, in an gama ya karɓa ya goge fuskar wayar da bakin rigarsa. Baba Bitrus ya ce masa, "To ribar fa, wa ke ci?" Kawu ya ce, "Wannan tsakanina da malamaina ne." Baba Bitrus, kana cikin zauren nan, in ƙarya nake ka faɗa.

Ana nan sai 'ya'yan Kawu Mamman suka saka ubansu a zaure, ashe shi ma gem ɗin ya kama shi. Kun tuna yadda wuri ya yi tsit. Kawu in yana jera gaisuwa ya iso kan sunan ƙanensa, sai ya yi tari ya wuce. Inna ba ta da babbar waya, amma kullum sai ta tambaye ni, "Sun yi magana?" In ce ba su yi ba.

Rannan itatuwan lemon Kawu na cikin gem suka bushe. Kun san dokar: mai gona ba ya iya rayar da su da kansa, sai ya kafa alama wani maƙwabci ya zo ya taimaka. Kawu bai ce taimako ba, shi gayya ya kira abin, irin wadda ake yi a ƙauye a taru a nome wa mutum gonarsa. Ya yi shela a zaure, wai gobe akwai gayya gonar Iliya, mai hali ya zo. To wa ya riga kowa zuwa? Kawu Mamman! Wayar kuma ba ta da rufin asiri, ta rubuto sunansa ɓaro-ɓaro.

Kafin azahar ɗan acaɓa ya sauke Kawu a ƙofar shagona.

"Sanusi, kashe itacen ga."

"Kawu, ba ya kasuwa. In an rayar an rayar."

"Wa ya ba shi izinin shiga gonata?"

"Kai ka kira gayya."

"Mutane na kira!"

Na danne dariyata da ƙyar. Ya zauna a kan bencina yana huci. Can ya ce, "Ubanmu bai taɓa barin ɗan gayya ya tahi da ƙishi ba. Ko maƙiyinka ne, in ya duƙa gonarka sai ya sha hura." Na ce to mu tura masa hoton kwanon fura a zaure, magana ta ƙare. Ya harare ni. "Hoto zai sha?" Na ce, "Kawu, ai gonar ma hoto ce." Ya buga sanda a ƙasa. "Gonar hoto ce, rainin kuwa na gaske ne! So yake ya shiga gari yana cewa ya yi mini aiki na hana shi hura. Gobe ka zo da babur."

Inna ce ta dama furar, ta zuba mana a kula. Muka ɗaure kula a bayan babur, Kawu a tsakiya, muka nufi boda. A ɓangaren Nijar wani ɗan duwan, wato kwastan nasu, ya tsayar da mu cikin ladabi.

"Baba, mi ke cikin kula?"

"Hurar gayya."

Ya dubi sama, ya dube mu, don lokacin ko hadari ba a fara ba. "Gayya da rani? Ina gonar?"

Kawu ya kwance ledarsa a tsanake, ya kunna, ya nuna masa. Na ce a raina yau sai an tsare mu a matsayin mahaukata. Mutumin ya ƙura wa wayar ido, sai ya ce, "Kai Baba, kajinka na jin yunwa fa!" Ashe shi ma ɗan hannu ne. Ya ɗaga mana sanda yana cewa Allah shi ba da albarkar noma.

Mun iske Kawu Mamman a rumfar ƙofar gidansa, waya a hannu. Kawu ya yi sallama yana kallon turken akuya. Sannan ya ce, "Sanusi, gaya wa mai gidan ga hurar aikinshi. Ba sulhu ya kawo ni ba."

Kawu Mamman bai ɗago ba. "Sanusi, gaya mishi ba a shan hurar gayya mai gona na tsaye."

Kawu ya zauna, can ƙarshen tabarma. Na buɗe kula, sai na ga ludayi ɗaya tak. Inna ke nan! Wannan ya sha ya ajiye, wancan ya ɗauka, ba mai kallon wani. Ni dai na san in aka tashi a haka, shi ke nan kuma. Fura ta kusa ƙarewa sai idon Kawu ya faɗa kan wayar ƙanensa. Ya leƙa, ya kau da kai, ya sake leƙawa. Abin ya fi ƙarfinsa.

"Kai! Wa ya ce ka dasa rake bakin rumbu? Tun kana yaro haka kake, ba ka da tsari!"

Kawu Mamman ya ce, "Haba Yaya, kai da ake ba mu labari kana barin masara ta kwana gona?"

Yaya! Rabon da in ji kalmar nan daga bakinsa tun ina makaranta. Suka kaure da musu, kai da kai a kan waya ɗaya, kowa na cewa ɗan'uwansa bai iya noma ba. Na sulale bayan gida na ari wayar ɗan Kawu Mamman, don tawa ba ta da rezo, wato sabis, na kira Inna. Na ce, "Sun yi." Sai na ji guɗa, guɗar ta koma kuka. Ranar ba mu dawo ba sai bayan la'asar, kuma da ƙyar na raba su.

Bayan damina ciwo ya kwantar da Kawu, bai daɗe ba. Kawu Mamman ya ƙetaro ya zauna a gefensa har Allah ya karɓi abinsa. Shi ya yi masa wanka, shi ya shiga kabari ya karɓe shi. A wurin zaman makoki ya jawo ni gefe ya ce, ranar fura, da Kawu zai hau babur, ya matso kusa da kunnensa ya ce, "Mamman, na yahe maka, ka yahe mini. Amma kak ka gaya wa yaran zaure, sai su raina ni." To Kawu, ka yi haƙuri, ga shi duk sun ji, kuma babu wanda ya raina ka.

Inna ta yi kuka ƙwarai, amma da dangi suka taru suna rarrashinta sai ta ce su bar ta. "Kukan rashi nake yi, ba na tsoro ba." Ni ma haka nake ji. Ina kewarsa har cikin raina, amma wallahi numfashina ya sauka.

Ya Allah, ga bawanka Iliya nan ya zo maka, mai taurin kai, mai tsabtar zuciya. Ya yafe kafin ya taho, kai kuma ka fi shi son yafiya. Ka jiƙansa, ka yalwata masa makwancinsa, ka ba Inna da Kawu Mamman haƙurin rashinsa. Mu kuma in tamu ta zo, ka sa ta same mu ba mu riƙe kowa ba. Amin.