Ba Doka Ba, Ba Zinariya Ba

Shekarun da nake zuwa Dubai saro kayan turaren wuta, wajen dubu biyu da 'yan kai, ɗaki ɗaya muke kamawa a Al Ras da wata ƙawata 'yar Damagaram. Ita bokon Faransanci ta yi, ni kuwa guntun Turancin sakandare ne ya rage mini.

Wata safiya muna shagon wani Ba'iraniye muna zaɓen farcen turare da jawul, sai wata baturiya dattijuwa ta tsaya tana kallon yadda nake shinshinawa ina warewa. Can ta ce da Turanci tana son jin "lore" ɗin kayan nan.

Ni "law" kunnena ya ji.

Na ce wa ƙawata, "Hajiya, doka take tambaya fa. Ko an hana fita da su ne?"

Ƙawata ta ce, "Wace doka? L'or ta ce, zinariya ke nan. Ɓata ta yi, baiwar Allah. Yalla, mu raka ta."

Har ta kama hannun baturiyar za su nufi kasuwar zinariya. Baturiya ta turje tana dariya, ta shiga yi mana bayani a hankali. Ta ce sanin da ba a aji ake samunsa ba take nufi, wanda kaka ke ba jika da baki. Akwai na itatuwa, akwai na tsuntsaye. Matuƙan jiragen katakon nan na bakin ruwa ma suna da nasu, na iska da taurari. Har labarin aljanu a ciki yake.

Na ce, "Au, na gargajiya!"

Na fassara wa ƙawata. Ta saki hannun, ta ce, "Shi ne ta wahalar da mu?"

Muka zauna a kan buhunan citta, mai shago ya aiko da shayi. Na faɗa mata yadda kakata ke jiƙa farce, ta kankare naman, ta soya shi cikin yashi har ƙarnin ya fita. Ƙawata ta ce sam, mu Kanawa ba mu iya ba, a Damagaram sai ya kwana cikin lemon tsami. Muka kaure da gardama, muka manta da baƙuwa. Da na waiwaya zan ba ta haƙuri, ta ce mu ci gaba, ai gardamar ma cikin "lore" ɗin take.

Mai shago ne ya gaji ya ce, "Khalas, Hajiya, za ku saya ko a'a?"

Muka saya. Ita ma ta ɗauki ɗan ƙullin jawul, mu biyu muka zaɓar mata.