Ranar da aka yi zaman makokina ina raye

Shekarun baya, lokacin da wayar shafa ta fara shiga hannun kowa, ina da teburin tsire a unguwar Mansur, a Makka. Cikin masu zama wurina akwai abokina, ɗalibin ilmi daga ƙasar Sin. Bayan Larabci yana koyon Turanci, wai aikin fassara labarai yake so. Yakan zauna yana haddace kalmomin da Turawa ke kiran labarin da aka zuzuta, ashe suna da yawa. Ni da ko allo ban riƙe da kirki ba, na ce mu ƙarin gishiri muke cewa, an gama. Na koya masa 'yar Hausar gaisuwa.

Wata rana da la'asar tukunyar gas ɗin maƙwabcina ta kama, wuta ta lashi rumfata. Nan da nan aka kashe. Wayata ta narke, hayaƙi ya dushe min murya, iyakar ɓarnar ke nan. Amma wani ya ɗauki bidiyo. Kafin magariba abokina ya nuna min a wayarsa: gobara ta cinye kasuwar 'yan Afirka a Makka.

Hankalina ya tafi kan yayata a Kano, mai hawan jini. Na danna masa lambarta, na yi masa alama ya yi magana. Bawan Allah, don gudun zuzutawa sai ya sassauta murya: "Hajiya, ki yi haƙuri. Jikinsa ne, kaɗan."

Mu kuwa da wannan lallamin ake kai saƙon mutuwa. Muka ji salati, waya ta katse. Muka yi ta kira, ba a ɗauka. Na kwana ina tsoron kada mutuwata ta ƙarya ta jawo tata ta gaske.

Washegari murya ta ɗan dawo, na samu aka ɗaga. Gida cike da masu ta'aziyya.

"Yaya, ni ne."

Ta ce a daina yi mata wasa da ciwo.

"To wa kika ɗaure a turmi ranar da ya shanye furar Baba?"

Can ta ce, "Ɗan nema. Tun jiya ake cewa ka dace, ka kwanta a ƙasa mai tsarki. Yanzu me zan faɗa wa mutane?"

Har yau in na tuna nakan yi dariya, amma na ɗauki darasi: in kana lafiya, a faɗa ɓaro-ɓaro. Na ce mata ranar da na tafi da gaske ma haka za a yi, ba kwana-kwana. Ta ce ko an faɗa ba za ta yarda ba, sai ta ji daga bakina.