Lahadin da Muka Je Wurin Kaba

Jiya na sayi sabuwar tabarma, ƙamshin kabarta ya tuno mini da dattijon majami'armu ta Tanut.

Bayan babban farin shekarun saba'in, kabar da ta rage a bayan gari 'yar kaɗan ce. Mu kuwa kowace Lahadin Ganyen Dabino sai mun saro ganye mun ɗaga muna waƙa, kuma da yake dabino ba ya kusa, kaba ce ke riƙe masa muƙami. A lokacin ina koyarwa a lakwal, wato makarantar boko, ana kirana Mushe kamar kowane malaminta. Ran Asabar ta jajibere na fito da adda, sai ga dattijon a bakin ƙofa.

"Mushe, ina zuwa da makami?"

"Baba, ai Littafi ya ce sun saro rassa."

"Na karanta. Amma bai ce Urushalima ta yi fari a shekarar ba. In ka sare ta bana, baɗi me za ka ɗaga? Allin lakwal?"

Kashegari ya sa mu gaba har wurin kabar. Kowa ya kama ganye yana manne da uwarsa, muna kaɗawa muna Hosanna. Rairayi na gasa ƙafa, mata na rangaɗa guɗa, shi kuma yana jan waƙar da muryarsa mai kama da tsohuwar ƙofa. Wani Buzu ya tsai da raƙuminsa ya tambaya ko lafiya.

"Lafiya lau," in ji Baba. "Ita ce ba ta iya zuwa, shi ne muka zo."

Yau kabar wurin ta zama goriba dogaye, har makiyaya na ƙailula a ƙarƙashi. Ubangiji ya hutar da Baba a inuwar da ba mai sara.