Kawu Mai Gungume da Hanyar Mota

Ƙauyenmu ƙarami ne. In jariri ya yi kuka a wannan gefe, matan wancan gefen sun san ɗan wa ne. Yara da manya ba mu kai ɗari uku ba, kuma kullum samari tafiya birni suke. Daga mu zuwa kwalta tafiyar rabin yini ce a ƙafa. Mota ɗaya ce ke shigo mana, ranar kasuwa kawai, wata tsohuwar bas da muke kiran mai ita Direba, kamar babu wani direba a duniya.

Kawu, yayan mahaifiyata, manomi ne mai shanun huɗa biyu, ba shi da yawan magana. Matarsa, da muke kira Inna, tana fama da hawan jini da ciwon gwiwa. Ba ta iya hawa babur, ga shi duk wata sai ta je asibiti an auna ta an ba ta magani. In babu bas, babu asibiti.

Wata damina hanya ta lalace ƙwarai. Direba ya iso da salansa a ɗaure da igiya, ya fito yana huci.

"Ni da ku sai rani!" in ji shi. "Mutum nawa ne ma a garin nan da zan kashe motata a kanku?"

Kawu ya matso ya ce, "In hanyar ta gyaru fa?"

"Wa zai gyara? Kai, Baba?"

"Ka dai leƙo mako mai zuwa."

Washegari Kawu ya ɗaura wa shanunsa wani ƙaton gungume a karkace, ya sa su ja shi a kan hanya. Ba ya fita sai ƙasa ta tsane bayan ruwa, ba caɓi, ba ta kuma bushe ba. Gungumen na kankare tudu yana tura ƙasa cikin ramukan da tayoyi suka haƙa. Inda ruwa ke kwanciya sai ya tsaya ya buɗe masa mafita da fartanya.

Tela, da shagonsa ke bakin hanya, ya ɗaga kai daga keken ɗinki ya ce, "Mai Gungume, me ake shukawa a titi? In ya nuna a kira mu girbi!"

Sunan ya bi shi daga ranar. Gonarsa kuwa ciyawa ta soma cinye ta. Inna ta tare shi a bakin ƙofa.

"Malam, ka bar gona ta lalace saboda ni?"

"Wa ya ce saboda ke? Shanun ne ke son yawo."

Ranar kasuwa muka kai Inna gindin bishiyar da bas ke tsayawa, da 'yar kujerarta. Maganinta ya ƙare tun shekaranjiya. Hantsi ya yi, ba mota. Wasu suka ɗauki kayansu suka kama hanya a ƙafa. Kawu na tsugune, idonsa na kan hanya. Har Tela ya daina tsokana.

Can wajen azahar muka ji hon.

Direba ya leƙo ta taga yana dariya. "Baba, ƙaryarka na zo gani, sai ga ni har giya ta uku na sa! Ku kawo Inna gaba."

Kawu ya riƙe mata hannu ta hau, ya miƙa mata kujerarta ta taga.

Tun daga nan bas ba ta sake yanke mana ba. Saboda ita malamin makaranta ya yarda ya zo ya zauna da mu, a cikinta ni ma na fara zuwa birni koyon aiki. Yanzu Kawu ya tsufa, magidanta ne ke karɓa-karɓa da gungumen bayan kowane ruwa, har da Tela. Shi kuwa yana zaune kusa da Inna yana yi musu faɗa wai sun fita ƙasa ba ta tsane ba. Allah ya saka masa da alheri.