Inna ta nemi kujera a cikin makami mai linzami

Jama'a, yau Inna ta sa ni kuka a tsakar gida da rana tsaka!

Muna zaune a gidanmu na unguwar Damba, ina tsince shinkafa, maigidana yana kallon bidiyo a waya. Wai wani sabon makami mai linzami ne, gudunsa ya ninka na sauti sau biyar. Yana kauce-kauce a sama, na'urorin kakkaɓowa ba su gama gano shi ba ya isa!

Inna, mahaifiyata, tana gefe tana jan carbi. Tun da muka ɗauko ta daga ƙauyenmu na bayan Tsafe saboda masu tare hanya, ba ta sake komawa ba.

Sai ta ce, "Malam, wanga abu ba mai iya tsayar da shi bisa hanya?"

Ya ce, "Da wuya, Inna. Manyan ƙasashe ma abin ya dame su."

Ta tashi ta shige ɗaki. Sai ga ta da mayafi da ƙullin daddawa, irin tsarabar da take kai wa ƙanwarta Hajjo can ƙauye!

Na ce, "Inna, bam fa yake ɗauka!"

Ta ce, "Na ji, ba kurma ce ni ba. Su cire bam ɗin su sa kujera mana. In ga Hajjo, in zauna ƙarƙashin tsamiyarmu, in dawo."

Maigidana ya kashe wayar. Har yanzu ba ta cire mayafin ba.