Kujerar Kawu Mai Aski

Kawuna mai aski ne, kuma bakinsa ya fi almakashinsa aiki. Shekara talatin yana tsaye bayan mutane yana zuba, har ya fi gane su ta ƙeya.

Da annoba ta sa aka rufe shaguna, shiru ya kwantar da shi kamar zazzaɓi. Ya daina wanka, abinci ma sai an yi da gaske. Wata likita ta ce a rediyo kada mutum ya saki abin da ya saba, kuma ya riƙa kiran mutanensa. Sai Kawu ya jawo kujera tsakar ɗaki, ya yafa mata ƙyallen aski, ya ɗora waya a kai. Duk wanda ranar askinsa ta zagayo sai ya kira shi, suna hira yana zagaya kujerar yana kaɗa almakashi.

"Malam, haukacewa ka yi?" in ji matarsa.

"Haukan nake gudu. Matsa, kin tare min haske."

Ya koma cin abinci. Amma wata Talata tsohon direba mai sanƙo, abokin tsokanarsa, bai ɗauka ba. Da mako ya zagayo ɗansa ya ɗauka, ya ce ai an binne shi. Daga shi sai wani tela ya rasu, sai malamin makaranta.

Yanzu an buɗe gari, amma ran Talata da hantsi Kawu ba ya karɓar kowa. Kujera a yafe, shi yana bayanta da almakashi, bakinsa gum.